Igiyar Awo

Kafin in fita na kwance igiyar bakin buhun dankali,
na auna bango daga taga zuwa ƙusar kalanda,
na yi ƙulli inda ta tsaya.
Iyakar faɗin burina ke nan, na ce wa Ladidi,
abin da ya wuce ƙullin nan na mutanen Rayfield ne.

Tsohuwar tamu mai tozo ta rasu damina ta bara.
Tsawa ɗaya daga bayan duwatsu,
ta yi tari, ta yi ƙauri, ta rufe ido.
Wata tara ina zubin adashi a Farin Gada,
yau kwasata ta zo,
ga ta a aljihun ciki, ɗaure da roba, tana ɗumama min haƙarƙari.

A Taminus, shagon Davou,
talabijin ashirin sun jeru suna nuna kifi guda
yana iyo cikin ruwan da ya fi na gaske shuɗi.
Babbar cikinsu ta kai ƙofar ɗakinmu.
Na tambayi kuɗinta don dai kunne ya ji,
kunnen ya ji, ya yi ɗif.

Davou ya ce, Alhaji,
ni da ko filin jirgi na Heipang ban taɓa takawa ba,
wannan tana shiga intanet da kanta,
tana jin magana ta rimot,
fim ko wa'azi ko ƙwallo, danna kawai.
Na ce, tana cin data kamar me?
Ya yi dariya, ya ce kamar akuya a gonar kabeji.

Muhsin bai dubi kifi ba.
Shekara goma sha ɗaya, ya zagaya bayan kowace
yana ƙirga ramuka da yatsa,
nan za a soka abin wasa, nan kuma filas.
Ya karɓi rimot ya tuƙa wata mota ja,
ya juyo: Baba, wannan tana jan ƙafa,
na karya kwana tuntuni, sai yanzu ta sani.
Muka bar ta, duk da sunanta mai ƙyalli.

Na zaro igiya.
Inci hamsin ta haɗiye ta har da ƙulli.
Arba'in da uku ta wuce da faɗin tafin hannu,
na tsaya a kanta na daɗe,
ina lissafin cire kalanda, ina lissafin kuɗin makaranta.
Talatin da biyu ta zauna cikin igiya daram,
har da ragowar wurin rataya carbi.

Muka yi ciniki, na fita sau biyu, ya kira ni sau ɗaya.
Garantin wata shida, a rubuce, da hatimi.
Canjin da ya rage na sayi maganin tsawa na soket,
an ciza ni sau ɗaya, na san ramin.

Ruwa ya tare mu a Titin Bauchi, har da ƙanƙara.
Cikin keke na tuɓe rigar sanyi na lulluɓa wa kwali,
haƙorana na kaɗawa, Muhsin na dariya.

Inna, da ta ce ɓarnar kuɗi ce,
ita ta fara karɓe rimot bayan isha'i.
Ta kai shi baki kamar za ta yi tofi:
Nuna min Dilimi ta da, lokacin wankin kuza.
Talabijin ta yi tunani, ƙawanya na juyawa,
ta kawo wani Bature yana dafa taliya.
Inna ta ce, to, ba ta jin Hausa, yarinya ce, za ta koya,
ta gyara zama, ta kalli taliyar har ƙarshe.

Igiyar kuwa na mayar bakin buhu.
Ƙullin yana nan, ban kwance ba.